Layun Tsuntsayen Mala Ari

Mala Ari baduku ne, a Fagge yake ɗinki, cikin wata rumfa da ke jikin katangar gidansa. Takalma yake yi da kuben wuƙa da jakunkuna, yana kuma rufe wa mutane layu da fata. Duk wanda ya tashi a layinmu da wannan ya san shi. Abin da nake so in rubuta shi ne ɗaya aikin nasa, wanda ba wanda ya sa shi, da yadda aikin ya raba shi da unguwar a watan Maris na 1958. A gabana aka yi, kuma da hannuna a ciki.

An haife shi a wani ƙauye kusa da Tafkin Cadi, shekarar da shi kansa bai sani ba. Yana ɗan shekara goma iyayensa suka zo Kano, suka sauka a Fagge wurin dangi. Da ya zama saurayi, wani Bature likita mai yawon tara tsuntsaye ya nemi wanda ya iya fiɗa da ɗinki, aka nuna masa Ari. Rani biyu suka yi tare a fadamun Haɗeja. A can ya koyi feɗe tsuntsu ba tare da gashi ya zube ba, a shafe cikin fatar da magani, a cusa auduga, a ɗinke, a kwantar da shi rigingine da ƙafafu a harɗe. Ya koyi boko daidai abin da aikin yake bukata: kwanan wata, sunan tsuntsu, da wurin da aka same shi. Baturen ya kwashe akwatunansa ya tafi. Mala bai ma riƙe sunansa daidai ba, amma aikin ya zauna masa a hannu.

Tun daga nan bai sake harbin tsuntsu ba. Wanda ya mutu da kansa yake ɗauka, ko wanda kyanwa ta yar, ko wanda ya bugi wayar tangaraho. Mutane sun sani, sukan aiko masa. Shekara talatin da ɗaya yana wannan, har ya cika akwatuna uku, tsuntsu wajen ɗari huɗu. Ya san ranar da shamuwa ta sauka a Fagge kowace shekara, da ranar da ta tashi. Abin da mu muke kira tsattsewa kawai, shi ya raba shi uku, ya ce ɗaya a nan take gida, biyu wucewa suke yi. Da na dawo daga jami'a a Ibadan na fara koyarwa a Sabon Gari, na ɗauko masa littafin tsuntsaye mai hotuna don in burge shi. Ya duba a hankali, ya nuna mini wurare biyu da mai zanen ya yi kuskuren launin ƙafa. Na je na duba cikin akwatinsa, shi ne da gaskiya.

Abu biyu ne game da takardun da yake ɗaura wa tsuntsayen a ƙafa. Na farko, a Fagge ba wanda yake kwatance da lamba. Gidan wane ake cewa. Saboda haka a layin da Baturen ya koya masa rubuta wuri, sunan maigida yake sawa: gidan Liman, gidan Yekini mai atamfa, bayan gidan Kaka. Na biyu, kyankyasai da gara sun sha cinye masa takardu. Sai ya yi abin da hannunsa ya saba. Ya riƙa naɗe takardar ƙanana, yana rufe ta da guntun jar fata, yana ɗinkewa, yana ɗaurawa da zare. Kowane tsuntsu a akwatin Mala da 'yar layarsa a ƙafa. Shi bai taɓa ganin su a matsayin layu ba.

A bayan kowace takarda kuma yakan rubuta baiti ɗaya da ajami. Matarsa, Inna Falmata, ta gaya wa matata Sadiat cewa bayan rasuwar ɗansu na uku ya fara. Uku suka haifa, ba wanda ya kai yaye. Shi da na tambaye shi, cewa ya yi ba ya iya ɗinke ciki ya yi shiru, sai ya ce wa gawar wani abu. Wanda ya fara karanta mini na wata tsattsewa ne:

Na auna fiffike, na auna baki,
Abin da ya tashi ya bar su ba shi da ma'auni.

Kafin shekarar nan abin dariya ne a unguwa. Mai unguwarmu Bafulatani ne, kuma tsakaninsa da Mala akwai wasan nan na Fulani da Barebari. In ya biyo ta rumfar sai ya tsaya.

"Babarbare, yaya garken naka? An kai su ruwa?"

"Sun ƙoshi, ranka ya daɗe. Nawa ba sa shiga gonar mutane, ba kamar na wasu ba."

"Mutane na kiwon shanu, kai kana kiwon gawa."

"Ni dai ban taɓa kwana a daji saboda su ba."

Bazarar 1958 ta zo da wuri. Tun ƙarshen Fabrairu zafi ya sauka, tsuntsaye suka riƙa faɗowa a bakin randuna da gindin katanga, baki a buɗe. Mala bai taɓa samun aiki irin na makonnin nan ba. A cikin makonnin ne kuma sanƙarau ya shigo layinmu. Yaro zai kwana lafiya, ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai, kafin azahar wuya ya ƙi lanƙwasa. Wasu ba sa kai washegari. Mata suka daina aiken yara. In aka ji kuka daga wani gida, ba a fita tambaya, sai kowa ya juya ya ƙirga nasa. Ni kowace safiya nakan sa 'yata Raliat ta taɓa ƙirjinta da haɓa. Ta ɗauka wasa ne, takan yi sau uku don in yaba mata. Ranar Asabar, takwas ga Maris, ta kasa. Ta rasu a asibiti ranar Lahadi da hantsi, tana da shekara biyar da wata huɗu.

Yekini mai atamfa, wanda rumfarsa take kasuwar Sabon Gari, ya binne 'ya'ya biyu cikin kwana huɗu. Ya karɓo wa wadda ta rage laya, ya kawo wa Mala ya rufe. Bai same shi a rumfa ba, sai ya yi sallama ya leƙa zaure. Ranar kuwa Mala ya fito da akwatunan ya buɗe su su sha iska, saboda zafi yana kawo ƙwari. Yekini ya sha jin labarinsu, amma bai taɓa gani ba. Abin da ya gani shi ne gawawwaki jere sahu sahu, farar auduga a gurbin ido, kowace da laya a ƙafa. Ya fizgi ɗaya ya fita da ita. A waje ya yage fatar da haƙori. Bokonsa na kasuwa ne, amma ya isa ya gane sunansa, da kwanan watan da ya zo kwana biyu kafin babban ɗansa ya kwanta. Ya kai wa wani malami bayan takardar, aka karanta masa:

Reshen da kika kwana aro ne,
Mai shi ya aiko, lokacin tashi ne.

Wata hasbiya Mala yake wa magana. Yekini bai ji haka ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ranar Asabar, sha biyar ga wata, bayan la'asar, mai unguwa ya aiko a kira ni. Na tarar da ƙofar gidansa cike, maza sun fi ɗari, mata suna leƙe ta kan katanga. An kawo akwatunan an ajiye a kan tabarma. Mala yana zaune a ƙasa kusa da su, 'yan doka biyu suna tsaye a bayansa. Ba wanda ya matso kusa da akwatunan, an bar musu fili kamar an zana da'ira. Abin da ya fi damuna shi ne rashin hayaniya. Taro mai yawa haka, amma ana jin kukan awaki daga layin baya.

Mai unguwa ya ja ni cikin zaure. Ya ce ba wanda zai yarda ya farke layun, malamai ma sun ƙi. Ya ce ni ina karanta boko da ajami, kuma kwana shida ke nan da na binne tawa, ba mai cewa ina kare Mala. Ya ce in ba a yi wani abu kafin magariba ba, 'yan doka biyu ba za su iya tare mutanen nan ba.

Na ce masa abin mai sauƙi ne. A buɗe na bana duka, talatin da huɗu ne, a karanta a gaban kowa. Za a ji sunayen gidaje da yawa da ba a yi rashi ba, za a kuma ga akwai gidajen da aka yi rashi babu sunansu. Lissafi kaɗai zai kashe maganar. Haka na yi tunani, haka kuma aka koya mini tunani. Ya yarda.

Na zauna a bakin tabarma da reza. Da na ɗauki tsuntsu na farko, sahun gaba ya ja da baya. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar tafin auduga. Na farke, na karanta: kurciya, sha tara ga Fabrairu, gidan Liman. Na ɗaga murya na ce kowa ya san gidan Liman lafiya lau, ba wanda ko kai ya yi wa ciwo. Na dubi Liman don ya gaskata ni. Bakinsa yana motsi, amma ba da ni yake ba. Ya juya ya yi wa ƙaninsa raɗa, ƙanin ya fita daga taron da gudu.

Na uku gidan Kaka ne. Na biyar gidan mai unguwa. Duk sunan da na kira, sai mutum ɗaya ya ɓalle ya nufi gida, ya je ya taɓa wuyan 'ya'yansa. Suna dawowa, wasu da sanda, ɗaya da taɓarya. Sai a na goma na gane abin da nake yi. Ni ina cewa ga gidan da ba a mutu ba, su suna jin ga gidan da ba a kai gare shi ba tukuna. Kafin in fara, gida biyar ne suke da magana da Mala. Yanzu ina ƙara masa ɗaya da kowace yankar reza. Na dubi mai unguwa ko zai ce a tsaya. Tun da aka kira gidansa bai sake ɗaga kai ba. In kuma na tsaya da kaina, za a ce abin da ya rage ya fi muni.

Mala kuwa yana bin aikin da ido kamar a rumfarsa muke. Sau ɗaya ya ce in riƙe cilakowa ta ƙirji, kada wuyan ya karye. Wani daga baya ya ce, "Ku ji shi, wuyan tsuntsu yake tausayi." Ba wanda ya yi dariya.

Na sha bakwai ɗan ƙaramin jan tsuntsun nan ne mai tsince-tsince a tsakar gida, wanda ake kira baiwar Allah. Na farke, na warware takardar. Shida ga Maris. Gidan Malam Tajudeen, wato gidana. Ranar Alhamis ke nan, kwana biyu kafin Raliat ta kasa sunkuyar da kai.

Na san yadda sanƙarau yake yaɗuwa, na koyar da shi a aji. Duk da haka sai da na sake lissafa kwanakin. Na kuma san mutanen nan duka sun zo mini gaisuwa a makon, kuma in suka ji sunana ba abin da zai tsayar da su. Na karanta sunan tsuntsu da kwanan wata, na naɗe takardar, na miƙa hannu ga na gaba.

"Gidan wa?" in ji Yekini.

Na ce wurin ya goge, ba ya karantuwa.

"Bai goge ba, Malam," in ji Mala. Muryarsa ba ta canza ba. "Da tawadar da ba ta gogewa nake yi. Gidanka ne. A gindin randarku ta faɗi."

Na ce, "Baba, ka yi shiru."

"To ai ka tsallake layi."

Yekini ya matso har gwiwarsa ta kusa taɓa tabarmar. Idanunsa sun kumbura, ya kwana biyu bai yi aski ba. Bai ɗaga murya ba.

"Ticha, kai ka ce mana takarda ce kawai. In takarda ce, me ya sa ka ɓoye taka?"

Na ce sanƙarau ne ya kashe 'yata, likita ya gwada ruwan bayanta, na ga sakamakon da idona. Gaskiya na faɗa, amma kowa takardar da ke hannuna yake kallo. Yekini ya ce in juya bayan takardar in karanta. Na juya.

Ƙarama ce, ba ta cika tafin hannu ba,
Mai ɗauka bai ce a bar ta ta girma ba.

Wata mata a kan katanga ta fara salati. Wani ya tambaya ko yarinyar ta taɓa tsuntsun. Ni ban sani ba, na buɗe baki in ce a'a, Mala ya riga ni.

"Ita ta kawo mini, a naɗe cikin ɗankwalinta. Ta ce in yi masa a hankali."

Ban san wanda ya fara jifa ba. Dutsen ya sami murfin akwati. Na biyu ya sami Mala a saman gira, jini ya sauko masa cikin ido. Da'irar nan ta rufe. Mai unguwa, wanda ya fi shekara sittin, ya yi tsalle ya cafki wuyan rigar Mala, ya ja shi a ƙasa zuwa zaure, yana cewa duk mai son taɓa Babarbaren nan sai ya fara taka gawarsa. 'Yan doka suka tura ƙyaure suka jingina da shi ta waje. Ni aka bar ni a kan tabarma, tsakanin ƙafafun mutane, da reza a hannu. Ba wanda ya taɓa ni. Akwatunan ma ba wanda ya taɓa, tsoronsu ya hana.

Liman ne ya raba. Ya tsaya a dokin ƙofa ya ce ba za a zubar da jinin Musulmi a kan zato ba, ga azumi saura 'yan kwanaki. Amma bai ce Mala ba shi da laifi ba, kuma da ya ce, ba na jin za a saurare shi. Aka yi ta ja har rana ta yi ja. Abin da aka tsayar shi ne a ƙone layun duka ba tare da an sake buɗe ko ɗaya ba, a binne tsuntsayen a bayan gari, Mala kuma ya bar Fagge kafin a ga wata. Da aka shiga aka gaya masa, yana riƙe da tsumma a goshi, abu ɗaya ya roƙa: a bar shi ya sa su a ramin da hannunsa. Ba wanda ya yi musu, don dama ba mai son ɗauka.

Da na koma gida na tambayi Sadiat wane ɗankwali Raliat ta ɗaura ranar Alhamis. Ta ɗauko mini, shuɗi ne mai ɗigon fari. Na san ba ta nan cutar take bi ba. Na kai shi bayan gida na ƙone.

Washegari da safe aka tura akwatunan a amalanke zuwa wani fili gaba da Kwaciri. Mutane sun biyo, amma daga nesa suka tsaya. Mala ya yanke layun ɗaya bayan ɗaya yana jefawa cikin kwano, ɗan doka ya zuba kananzir ya ƙyasta ashana. Sannan ya shiga ramin ya jera tsuntsayen, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Ya ɗauki fiye da awa biyu. Rana ta yi zafi, 'yan kallo suka ragu, har ya rage daga ni sai mai unguwa da ɗan dokan. Da ya fito mai unguwa ya miƙa masa buta ya wanke hannu.

Celestine, wani mai kantin magani a Sabon Gari wanda Mala yake samun maganin fata a wurinsa, shi ya ba su ɗaki ɗaya a bayan kantin. Ranar Talata suka tashi, shi da Inna Falmata, da gado da tukwane da kayan dukanci. Ba wanda ya fito sallama. Sanƙarau bai bar layinmu ba sai da ruwan farko ya sauka a watan Mayu. Tsakanin binne tsuntsayen da saukar ruwan an ƙara rasa yara bakwai. Ba wanda ya ce a je a dawo da Mala, ba kuma wanda ya sake ambaton sunansa a gabana.

Na yi wata biyu ban iya zuwa wurinsa ba, ko da yake makarantarmu ba ta da nisa da kantin. Da na je na same shi yana gyaran takalmin wani ma'aikacin jirgin ƙasa. Tabon yana nan a girarsa. Ya yi mini gaisuwar Raliat, wadda bai sami yi ba a lokacin. Sannan na tambaye shi abin da ya kawo ni, me ya sa ya yi magana ranar nan, alhali ya san don shi na tsallake layin.

Ya ce, "Na sani."

"To don me, Baba?"

Ya ja zare ya datse da haƙori. "Shekara talatin ban taɓa rubuta wurin da ba nan tsuntsu ya faɗi ba. In na bari ka ce ya goge, gobe wani ya ce duka haka suke."

Na ce ai duka sun shiga wuta. Ya ce haka ne. Ya ɗauki ɗaya ƙafar takalmin.

Bai sake feɗe tsuntsu ba. Inna Falmata ta ce ko an kawo masa sai ya ce a binne. A Sabon Gari ba wanda ya san shi da komai sai gyaran takalma, kuma sun ce ya iya. Daga ɗakin nan zuwa tsohon gidansa na Fagge tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙafa. Bai sake yin ta ba har ya rasu a daminar 1959. Mu tara muka yi masa salla.